Jan Ƙyalle a Kan Karan Dawa

Duk wanda ya san ni a Kurfi ya san ni da sauri. Ba laifina ba ne, aiki ne ya mayar da ni haka. Masinja na yi a sakatariyar ƙaramar hukuma tun gashina yana baƙi har ya koma kamar audugar da aka shanya, kuma a duk tsawon zamanin nan ban taɓa jin wanda ya aike ni ya ce in tafi a hankali ba. Boko kuwa na ɗan lasa ne, ban haɗiye ba. Na iya karanta abin da ke bayan fayil, na kuma iya sa hannu mai ƙawa wanda ya fi na wasu daraktoci. Sai dai saurin ya biyo ni har gida. Da sauri nake cin tuwo, da sauri nake gaisuwa, har liman ya taɓa jawo ni gefe ya ce sallata ta yi kama da kaza a kan tsaba. Na yi wannan bayani ne don a gane cewa ranar da raina ya rataya a kan in yi abu a hankali, ba ƙaramar jarrabawa aka ɗora mini ba.

Wanda ya jawo mini abin taubashina ne, ɗan gwaggona, wanda zan kira Alhaji kawai don kada kansa ya ƙara girma. Ya yi aikin gwamnati a Legas da Kaduna, ya yi ritaya ya dawo Dutsin-Ma da tumbi da hawan jini da wata doguwar jaka cike da sandunan ƙarfe masu lanƙwasasshen kai. Wasan golf ne, wanda a rediyo suke ce wa ƙwallon lambu. Ana ajiye ɗan farin ƙwallo kamar ƙwan zabuwa a ƙasa, a make shi da sanda ya tafi can nesa inda aka kafa tuta a bakin wani ɗan rami, sai a bi shi a ƙafa a sake makawa har ya faɗa. Likita ya ce wa Alhaji ya riƙa tafiya, shi kuwa ba ya iya tafiya sai da dalili, sai ya sami wani fili a bayan gari yana buga abinsa. Ni aka ɗauko in riƙa ɗebe masa kewa. Tun muna yara kowannenmu yake cewa ɗan'uwansa bawansa ne, har yau kuma ba a yanke hukunci ba.

Ranar da ya fara miƙo mini sanda, na ɗaga na sauke kafin ya rufe baki. Ƙasa ta tashi sama, ƙwallo yana nan zaune yana kallona.

Ya ce, "Bawana, maciji ka gani?"

Na ce, "Ƙarfi ne ya yi mini yawa."

"Ƙarfin me? Sauri ne. Kai ko kabarinka da gudu za ka shiga, a ce ka riga masu ɗaukar makara. Sandar nan ba fayil ba ce da ciyaman yake jira."

Ya ce ba zai iya koya mini da baki ba, don kunnena ma sauri yake yi. Maganina shi ne in zauna in kalli waɗanda suka iya. Falonsa akwai sola da dish na tauraron ɗan adam, akwai kuma wata tashar talabijin da ba ta nuna komai sai wannan wasa. Ya kashe sautin, ya ce kada in bi ƙwallon da ido, in kalli mutumin. Daga nan shi ya yi barci a kujera, ni na zama ɗalibi.

To, a nan na ga abin mamaki. Mutanen nan ƙwararru ne, da wasan suke ci da sha, amma ba wanda ya yi kama da mai aiki. Akwai wani dogo mai tafiya kamar raƙumin da ya ƙoshi. In ya zo bugu sai ya tsaya, ya ja numfashi ya sake shi, sannan ya ja sandar baya a hankali kamar mai jawo guga cike da ruwa yana tsoron ya zube. In ta kai can sama bayan ƙeyarsa sai ta ɗan tsaya. Ba tsayawa sosai ba, irin natsuwar nan da malamai ke cewa a yi bayan an ɗago daga ruku'u, Allah ya yafe mini kwatancen. Daga nan sai ta sauko da kanta, kamar ba shi ya sauko da ita ba, ƙwallo kuma ya ɓace a sama. Na ga wata siririyar mace wadda iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka, ita ma haka take yi, kuma ƙwallonta ya fi nawa nisa ko da za a bar ni in jefa da hannu in bi shi in ƙara jefawa. Kowa da irin tsayuwarsa, kowa da yadda yake riƙo, amma tafiyar sandar ɗaya ce: doguwar hawa, ɗan jira, gajeriyar sauka.

Da Alhaji ya farka na gaya masa abin da na gano, ina ji kamar na haƙo fetur a Kurfi. Ya ce haka ne, kuma akwai dabarar da ake yi: mutum ya sami wata magana da zai riƙa faɗi, tsawonta ya kai shi sama, ƙarshenta ya sauko da shi.

Ya ce, "Ga taka. In kana ɗagawa ka ce, Alhaji ubangidana. In za ka sauko ka ce, ne."

Na ce ko sandar za ta tsiro da ganye ba zan faɗa ba. Na gwada wasu maganganun nawa, amma duk sai in haɗiye rabinsu don sauri.

Abin ya shiga raina fiye da yadda ya kamata ga mai jikoki. Kowane mako sai na hau tsohon babur ɗina na tafi Dutsin-Ma kallon dogon nan da 'yan'uwansa. Sannan na ga kallo kaɗai ba zai isa ba, sai da gwaji, gwajin kuma ba zai yiwu a cikin gari ba. Akwai majalisar da nake zama a gindin wata bishiyar bedi kusa da kasuwa, tsofaffi ne marasa aiki sai baki. In suka ji ina bin ƙwan zabuwa da sanda, sai jikokina sun gaji sunan da za su laƙaba mini. Saboda haka na yanke shawarar kada kowa ya sani, har mai ɗakina.

Ina da gona a hanyar Tamawa, can ciki inda gonaki suka fara ƙarewa daji ya fara. An gama girbi, an kwashe kara, masussuka tana nan a daɓe sumul. Nan na mayar filina. Na ɗauki ƙotar fartanya ina lilo da ita. Da yake kuma ni ɗalibi ne mai cika aiki, ban tsaya kan bugu kaɗai ba, duk abin da na ga ƙwararrun suna yi sai da na yi. Suna tsinko ciyawa su watsa sama don su ga inda iska ta nufa, na watsa. Suna kare ido da hannu su hango nesa, na hanga. Suna tsugunawa su miƙa sanda gabansu su rufe ido ɗaya, na tsuguna na miƙa. Suna ɗaga hannu ga 'yan kallo, ni ma nakan ɗaga wa itatuwa. Tuta ce kawai ba ni da ita, sai na sami wani tsohon jan ɗankwali na mai ɗakina, na ɗaura a kan dogon karan dawa, na kafa a ƙarshen gonar ta ɓangaren daji.

Wannan fa a shekarun nan ne da daji ya ɓaci. Ba sai na yi dogon bayani ba, duk wanda ke da ɗan'uwa tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ya san yadda ake kwana da kunne ɗaya a buɗe. 'Yan bindiga suna fitowa su kwashi shanu, su ɗauki mutum a gonarsa. Amma akwai kalmar da ta fi ta ɗan bindiga ban tsoro a cikin gari, wato infoma: mutumin gida wanda yake nuna musu hanya, ya gaya musu wa ya sayar da sa, ya yi musu alama in babu jami'ai. Ɗan bindiga yana daji, ba a iya kama shi. Infoma kuwa yana nan kusa, kuma wanda aka kira da sunan nan ba kasafai ake jiran alƙali a kansa ba. Na san wannan sarai. Na zauna a majalisa na tofa albarkacin bakina a kan irinsu. Amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba yadda tsoho yake kama in an hango shi daga nesa, shi kaɗai a bakin daji, ya kafa jar tuta, yana leƙe, yana miƙa sanda, yana ɗaga wa itatuwa hannu.

Ana nan sai Alhaji zai tafi Kano a yi masa aikin ido. Ya ce in ɗauki sanduna da 'yan ƙwallaye in riƙa motsa hannu kafin ya dawo. Don kada 'yan majalisa su gani, na zura sandunan cikin buhun taki, na rufa wani buhun ta ɗaya gefen, na ɗaure tamau da roba a bayan babur. Ranar kasuwar Kurfi na zaɓa, don na san gonaki za su zama wayam. Na bi ta bayan gari, ta hanyar da ba kowa. Wato duk abin da mai safarar makamai zai yi, na yi shi ba tare da an koya mini ba.

Bayan azahar na isa. Na kafe babur a bakin masussuka, na je na gyara tutata da iska ta karkatar, na dawo na sunkuya ina kwance robar buhu. Sai na ji an ce, "Kada ka motsa, tsoho."

Ban ji zuwansu ba ko kaɗan. Na ɗago kai a hankali, karo na farko a rayuwata da na yi wani abu a hankali ba tare da an roƙe ni ba. Mutane ne sun kewaye ni, da bindigogin harba-ka-ruga da adduna, wasu da layu a damtse. Da fari na ɗauka mutanen daji ne, na fara salati. Da na ga irin rigunansu sai na gane 'yan sintiri ne na ƙauyukan wajen, har na ji sanyi a raina na buɗe baki zan yi musu sannu da aiki. Sannan na ga yadda suke kallona. Na mayar da bakina na rufe.

Aka ce in zauna a ƙasa. Wani ya cire mini hula ya jefar, wani ya zare wayata daga aljihu. Babbansu, wanda suke kira Kwamanda, ba ƙato ba ne, siriri ne mai jajayen idanu irin na wanda ya daɗe bai yi barci ba. Ya tsuguna gabana ya yi magana ƙasa-ƙasa, wadda na fi so a ce tsawa ya yi.

Ya ce, "Baba, wa kake kira da jan ƙyallen can?"

Na ce, "Ba kowa, ranka ya daɗe. Tuta ce."

"Mun san tuta ce. Ta wa?"

"Ta ƙwallo."

Wani mai faɗin kafaɗa da ke tsaye a bayana ya dangwara mini bakin bindiga a ƙeya. Ƙarfen yana da zafi saboda rana. Har yau in na tuna sai in shafa wurin.

Ya ce, "Kwamanda, raina mana hankali yake. An daɗe ana ganin shi. In ya zo ya yi ta nuni da sanda, ya ɗaga hannu. Kwana kaɗan da kafa ƙyallen nan aka shiga unguwarmu."

Kwamanda bai kalle shi ba, ni yake kallo. Ya ce, "Ƙanena yana cikin waɗanda aka ɗauka, Baba. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ta bayan gonar nan aka bi da su."

Na duba fuskokinsu ina neman wanda na sani, sai na ga wani da na san ubansa, har na taɓa taya shi bin takardar filinsa ofis-ofis. Na kira shi da sunan gidansu. Ya kawar da kai yana duban babur ɗina kamar bai taɓa ganin babur ba. A nan na san abin ya kai inda ya kai. Ban ga laifinsa ba. A irin wannan rana, wanda ya ce ya san infoma shi ma ya shiga layi.

Aka yanke robar buhu da adda, kowa ya ja baya. Sanduna suka zubo suna ƙara, ƙwallaye suka gangara. Mai faɗin kafaɗa ya ɗauki sanda ɗaya yana leƙa gindinta ko akwai rami. Ni kuwa bakina ya ɓalle. Na ba su labarin Alhaji da hawan jini da dish da dogon mutum da liman da kaza, duka a numfashi ɗaya, ta yadda ni kaina da nake faɗa na ji bai yi kama da gaskiya ba. Na roƙi a kira Alhaji. Kwamanda ya ɗaga wayata sama yana neman sabis, ya samu da ƙyar, ya kira. Wayar Alhaji a kashe. Yana can an naɗe masa ido yana barci, kamar yadda ya saba duk lokacin da ake bukatarsa.

Kwamanda ya juya sanda a hannunsa. Ya ce, "Na taɓa ganin wasan nan a talabijin. Na manya ne, masu motoci. Kai masinja ne, ka ce. Wanda yake son ya yi alama a bakin daji ba tare da an zarge shi ba, ai irin wanga abu zai nema ya fake da shi."

Na rantse da duk abin da Musulmi zai iya rantsuwa da shi.

Mai faɗin kafaɗa ya ce, "Mu tafi da shi can gindin dutse mu tambaye shi da kyau. Zai tuna sunayen abokansa."

Na san me ake nufi da tambaya da kyau. Na san wani da aka tambaya haka, an dawo da shi a amalanke. Na ji wata irin kasala kamar in kwanta a masussukar nan in ce su yi abin da za su yi a nan, kada su wahalar da ni da tafiya. Na tuna ban gaya wa mai ɗakina inda za ni ba. Za ta ajiye mini tuwo ta rufe da faifai. Daga baya kuma abin da za a gaya mata ba mutuwar ce za ta fi ciwo ba, sunan ne. Jikokina za su tashi a Kurfi a matsayin jikokin infoma.

Kwamanda ya miƙe, ya tura ƙwallo ɗaya gabana da ƙafa, ya jefo mini sandar.

Ya ce, "Ka ce ka daɗe kana koyo. Wanda na gani a talabijin, in ya buga sai abin ya tashi sama kamar tsuntsu. Tashi ka buga mu gani. In wasa ne, hannunka zai nuna."

Na miƙe na ɗauki sandar. Abin da ban gaya musu ba shi ne, duk koyon da na yi a gonar nan da ƙota na yi shi, babu ƙwallo. A gaban Alhaji kuwa ƙwallona bai taɓa tashi ya wuce gwiwa ba. Na tsaya, gumi yana shiga mini ido. Jikina gaba ɗaya yana cewa in yi maza in gama. Na ɗaga na sauke. Sandar ta wuce ta saman ƙwallon fiu, na juya kamar mazari, saura kaɗan in faɗi.

Ba wanda ya yi dariya. Da Alhaji ne da ya riƙe ciki. Ban taɓa sanin dariyar mutane rahama ce ba sai ranar da na yi abin dariya aka yi shiru.

Na sake tsayawa ba tare da an ce in sake ba, na kai duka da ƙarfin tsoro. Wannan karon ƙasa na sara, zafin ya ratsa har kafaɗata, ƙwallon ya ɗan mirgina kamar an taɓa shi da tsintsiya.

Mai faɗin kafaɗa ya ce, "Shi ke nan. Ko riƙe ta bai iya ba." Ya kama ni a wuyan riga.

Na ce, "Kwamanda, don darajar iyayenka, saura ɗaya. Sauri na yi. Ciwona ke nan tun ina yaro, tambayi duk Kurfi."

Kwamanda ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya ɗaga wa mutumin haɓa, aka sake ni.

Na jawo ƙwallon da kan sanda na ɗora shi a kan wani ɗan tudun daɓe. Na rufe ido don kada in ga bindigogin, sai falon Alhaji ya zo mini, da labulensa da munsharinsa, da dogon mutumin nan a cikin akwatin talabijin. Na tuna wata rana da na gan shi a bugun ƙarshe, jama'a sun cika ko'ina, an nuno fuskarsa kusa, na ga maƙogwaronsa yana motsi yana haɗiyar yawu. Ashe shi ma tsoro yake ji. Amma da ya zo ɗagawa bai ƙara sauri ko kaɗan ba, yadda ya ja gugarsa da safe haka ya ja ta a lokacin. Na ce a raina, to, ashe ba sai tsoron ya tafi ba.

Na ja numfashi na sake shi kamar yadda yake yi. Na buɗe ido. Na san in na bar wa hannuna zaɓi zai ci amanata, dole sai da maganar da za ta riƙe shi. Na lalubi nawa, duk sun gudu. Guda ɗaya ce ta rage a kaina, wadda na rantse ba zan faɗa ba. Na fara jan sandar baya, na buɗe baki da ƙarfi a gaban bayin Allah nan, ina jan kowane harafi kamar mai kiran salla:

"Alhaji... ubangidana..."

Sandar ta kai sama. Na ji nauyin kanta a bayan ƙeyata, daidai inda bakin bindiga ya taɓa. Duk jijiyar jikina tana ihu in sauko. Na jira. Wannan ɗan jiran da bai kai ƙiftawar ido ba, ya fi mini duk shekarun aikina tsawo.

"Ne!"

Ban ji na bugi komai ba. Wata 'yar ƙara kawai na ji, ƙal, mai tsabta, sai na ga farin abu yana hawa. Ya hau, ya ci gaba da hawa, ya bi ta saman kunyoyin gonar, ya wuce jan ƙyallen can nesa ta hagunsa, ya yi kamar ya tsaya a sama, sannan ya sauka bayan wasu sabaru a bakin daji. Na tsaya da sanda a kafaɗa kamar yadda suke tsayawa, ba don gwaninta ba, don na kasa motsi ne.

Wani daga baya ya ce, "Kai!" Wanda na san ubansa ya ce, "Wallahi na san shi, masinjan sakatariya ne, ba shi da matsala sai surutu." Yanzu ya tuna.

Kwamanda ya daɗe yana duban inda ƙwallon ya faɗa. Da ya juyo, idanunsa ba su sauya ba, ba murna ba fushi. Ina jin ya so a ce ni ne infoman, don da ya sami wanda zai tambaya ina ƙanensa. Ya sa aka je aka tumɓuke karan, ya kwance ɗankwalin ya miƙo mini tare da wayata.

Ya ce, "Baba, kai wasa kake yi, mu ba wasa muke ba. Da wasu ne suka riga mu zuwa, ba za su ba ka ƙwallo ba. Gobe ka je wurin mai unguwarku ka faɗa masa da bakinka, a sanar a masallaci. Kada in ƙara ganin ƙyalle a gonar nan."

Na ce to. Na ce Allah ya bayyana ƙanensa, ya ce amin ba tare da ya dube ni ba. Na tattara sanduna, sai na nufi wajen sabarun nan zan ɗauko ƙwallon, don ba nawa ba ne. Kwamanda ya riƙo hannuna ya ce, "Bar shi. Ba a wuce nan yanzu."

Babur ya ƙi tashi saboda ƙafata ta kasa buga shi, sai mai faɗin kafaɗar nan ne ya tayar mini. Na iso gida la'asar sakaliya, na shige ban ɗaki na daɗe. Da na fito na miƙa wa mai ɗakina ɗankwalinta. Ta juya shi, ta ga yadda rana ta cinye shi, ta dube ni ta ce, "Malam, ina ka kai shi?" Na zauna a bakin ƙofa na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba, kuka ta yi, wanda ya fi faɗan zafi.

Washegari aka sanar a masallaci. Abin da na yi ta ɓoyo don kada majalisa ta ji, sai ga shi an faɗe shi da lasifika. Sunan da suka laƙaba mini ba zan rubuta shi a nan ba, amma na karɓe shi hannu biyu, domin na ga wanda ya fi shi muni da idona. Duk da haka akwai waɗanda suka daɗe ba su sake jiki da ni ba. In na zo sai hira ta canza, sai da aka yi wata damina kafin abin ya wuce. Ƙanen Kwamanda ya dawo daga baya, na ji labari, bayan danginsa sun sayar da abin da suke da shi. Gonar kuwa yanzu ko noma ta sai da rakiya.

Da Alhaji ya dawo daga Kano na kai masa sandunansa. Na same shi a falo da baƙin tabarau, tashar nan tana kunne. Na yi niyyar in ba shi labarin a gyare, in cire abin da bai kamata ya ji ba. Ya bar ni na gama tsaf, har ya share hawaye ta ƙarƙashin tabarau da na kai wurin bindiga a ƙeya. Sannan ya gyara zama.

Ya ce, "An ce da za ka buga ka yi wata magana."

Na ce, "Salati na yi."

"Ba haka shaidu suka ce ba. An ce da ƙarfi ka faɗa, har ana ji a Tamawa. Maimaita mini, kunnena bai jin nesa."

Na ce magana da aka yi da bindiga a ƙeya ko a kotu ba ta zama hujja. Ya ce ya yarda, amma ƙwallonsa fa? Na ce yana nan bayan sabara, a wurin da ya fi duk inda shi ya taɓa kai nasa, in yana so in kwatanta masa hanya ya je ya ɗauko.

Har yau bai je ba. Ni ma har yau ban sake yin bugu irin wannan ba, ko da yake ina zuwa kallon dogon nan duk mako, kuma liman ya ce sallata ta ɗan yi dama.